Sharhin Malam da Tsohuwar Kwamfutata

Mahaifina malami ne, a zauren gidanmu kusa da Hubbare yake karantarwa tun kafin a haife ni. Shekara da shekaru yana rubuta sharhi a gefen littattafan fiƙihu, wani da Larabci, wani da ajami. Da idonsa ya fara rauni hankalina ya tashi, domin ban da shi babu mai iya warware wannan rubutu. Na ce zan buga a kwamfuta, yana karantowa ina rubutawa.

Ranar farko aka samu cikas. Wani saƙo ya dinga fitowa cewa manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta da lasisi. Na yi tsaki, Malam ya tambayi dalili, ni kuma da bakina na ce mai gyara ne ya kwafo ya sa mini, kamar yadda ake yi wa kowa. Sai ya rufe littafinsa. Mutumin da ba ya karantar da littafi sai ya ambaci wanda ya ba shi izini ba zai zuba iliminsa a kayan da mai shi bai yarda ba. Na ji haushi ƙwarai, amma na san gardama da shi ɓata baki ne.

Ƙanwata da ke aure a unguwar Minanata malamar kwamfuta ce. Ta zo da filashi ta ce za ta sa mini wata manhajar mai suna Linux a madadin waccan. Na ce ni da na haura hamsin ba zan koma ɗan aji ɗaya ba, ta ce ai dama ban taɓa fita daga ajin ba. Kafin la'asar ta gama.

Makon farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Hannuna ya riƙa zuwa kusurwar da ya saba, ya tarar babu komai. Na dame ta da waya har mijinta ya fara tambaya ko lafiya. Ashe abin bai kai tsoron da na ji ba. Madannai biyu ta nuna mini, rubutu ya koma daga dama zuwa hagu. Kwamfutar da a da sai na haɗa shayi na dawo kafin ta farka, yanzu ko zama ban gyara ba ta shirya. Firinta ce kawai ta yi taurin kai kwana biyu, har ƙanwata ta yi tambaya a intanet, wani wanda ba mu san ko ɗan ina ba ne ya faɗa mana abin yi.

Saura Malam. Ƙanwata ta durƙusa a gabansa da kwamfutar, ya shafa murfinta.

"Wagga kuma, wa yab ba ku izini?"

"Malam, masu ita da kansu. Sun rubuta kowa shi ɗauka, shi yi aiki da ita, shi gyara, shi ba wani."

Bai yarda nan take ba. Sai da ta fassara masa takardar sharuɗɗan manhajar, yana tsayar da ita yana tambaya kamar ɗalibar da ta zo biya karatu. Da ta kai ƙarshe ya ce, "To, wanga ai waƙafi na." Ya sa aka miƙo masa littafi.

Kullum bayan karatun safe muke zama. Mun gama babin tsarki da na salla kafin damina. Muna cikin babin azumi rubutunsa ya gagare shi gaba ɗaya, sai dai ya faɗa da ka. Ran nan na ga ya ƙura wa littafin ido ya daɗe, raina ya sosu. Na jawo kwamfutar gabansa, na yi ta ƙara girman haruffa har kalma huɗu ta cika fuskarta. Ya matso, ya bi su da yatsa, ya karanta maganarsa da idonsa a hankali har ƙarshen shafi. Sannan ya ɗago ya ce na tsallake masa layi guda, in koma in gyara.