Kaɗanyar Gwaggo Memuna da Gawayin Mahaifina

Shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Iddi mai gawayi na zangon Salaga. Ƙannena da suka gaji kamfaninsa sun shirya bikin dashen itatuwa da sunansa, sun kuma ce in rubuta wani abu a jarida. To, ga shi na rubuta, Allah Ya sa su karanta har ƙarshe.

Da goro ya fara fatauci. Bayan shekarar fari da gobarar daji ta alif ɗari tara da tamanin da uku, ya lura cewa duk wuya sai an hura wuta, sai ya koma gawayi. Motocinsa na lodi a ƙauyukan Yendi su sauke har Bawku. Masu tuwo da masu shayi sun fi son kayansa don yana daɗe bai zama toka ba. Dalilin kuwa, kaɗanya ɗanya yake sa a sare masa, icen da matan karkara ke tsintar 'ya'yansa su yi man kaɗe.

Cikin matan nan har da yayarsa, Gwaggo Memuna, wadda ta goya shi bayan mutuwar uwarsu. Mijinta ya rasu a wani ƙauye kusa da Yendi, da man kaɗen take ciyar da 'ya'yanta. Da masu gatarin Baba suka iso bayan gidanta, ta hau motar doya ta zo Salaga. Ina zaune a tsakar gida ta roƙe shi ya bar musu ko da itatuwan bakin rafi ne. Ya ce ya riga ya gama magana da masu ƙasa. Ta tuna masa cewa da man itatuwan nan ta shafe masa jiki lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi.

Ya ce, “Yaya, ai na warke.”

Da za ta tafi, ya sa aka ɗora mata buhun gawayi a mota, wai kada ta koma hannu banza. Ta san inda aka ƙono shi.

Daga nan tsintar kaɗe ta koma can cikin daji, inda ciyawa ke kai wa ƙugu. A damina ta biyu maciji ya sare ta, kafin matan da ke tare da ita su ɗauko ta zuwa hanya rai ya yi halinsa. Baba ya je jana'iza da sabuwar mota, ya yi sadaka mai yawa, mutane suka yi ta yabon zumuncinsa. Direbansa ya gaya mana cewa a hanyar dawowa Baba ya tsaya duba wani kurmi da ba a taɓa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da kowane kamfani ke maganar kare muhalli da taimakon al'umma. Ba na jin zai ji kunya. Zai tambaya ko abin na kawo ciniki, in aka ce eh, shi zai fara riƙe shebur a gaban masu hoto.

Na ce wa ƙanena Awudu, shugaban kamfanin yanzu, in da gaske suke su daina sayen gawayin kaɗanya, su sayi man matan ƙauyen nan da daraja, su raba musu takalman roba na shiga daji. Ɗan kasuwa na iya yin wannan gobe da safe ba sai gwamnati ta tilasta masa ba. Ya ce, “Yaya, ki bar mamaci ya huta.” Dalbejiya za su dasa a bakin titi, inda kowa zai gani. Ba a gayyaci 'ya'yan Gwaggo ba.

Ubana ne, ina yi masa addu'a, ya bar gidaje da masallaci a zango. Amma bara na je ƙauyen, na tambayi wata yarinya hanyar maƙabarta. Ta nuna mini wani fili fetal, ba inuwa ko ta zaman akuya, ta ce in bi ta Saran Iddi. Na ce wane ne Iddi? Ta ce ba ta sani ba, haka dai ta taso ta ji ana kiran wurin.