Wuƙar Kanti Da Saniyar Mahaifiyata

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina saurayi mai ji da kansa a wani ƙauye ta wajen Indabo, na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna ta sai ƙirjina ya yi zafi. Wautar tawa ce, ban musa ba. Amma akwai wanda ya haƙa ramin, ya rufe shi da ciyawa, ya tsaya yana yi mini murmushi har na faɗa.

Mahaifiyata tana da saniya guda ɗaya tak. Gadon mahaifinta ce, ta karɓe ta tun tana karsana, kuma bayan rasuwar mahaifina ita ce kaɗai abin da za ta nuna ta ce nata ne. Ni nake kai ta kiwo. Saboda haka kawuna, wan mahaifiyata, wanda yake ƙira a Wudil, ya ƙera mini wuƙa ta musamman mai naɗewa. Ruwanta ya ɗara tafin hannu tsawo, yana kwanciya cikin mariƙi na ƙahon sa, sannan akwai zoben ƙarfe a wuyanta. In ka buɗe sai ka murza zoben, shi ke nan ta kafe, ko jaki ne ya taka bayanta ba za ta rufe ba. Ranar da ya ba ni ya ce, "Mai bin dabba ba ya rabuwa da wuƙa. Ranar da dabba za ta faɗi ba ta yin sallama." Wuƙar baƙa ce, mummuna, ga nauyi a aljihu. Ban taɓa jin kunyarta ba sai da abokina ya dawo daga birni.

Tare muka tashi da shi, tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala. Daga baya ya tafi Kano ya sami aikin aike a wani kanti. Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, muka haɗu a gindin wata tsamiya kusa da kara, wato kasuwar shanu, inda samari suke zama suna kallon shanun da ba nasu ba. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida, na tambayi birni da gajiyar hanya, sai ya sayi rake ya zaro wani abu daga aljihu. Na ji ƙas. Wuƙa ce mai farin mariƙi kamar haure, ruwanta yana ɗaukar ido, da rubutun boko a jiki. Harsuna biyu gare ta, babba da ƙarami, har da wata 'yar ƙugiya da ya ce ta buɗe gwangwani ce. A ƙauyenmu kaf babu wanda ya taɓa mallakar gwangwanin da zai buɗe, amma ƙugiyar nan ta fi komai tafiya da hankalina.

Samari suka kewaye mu, aka ce a gwada tawa da tasa. Aka fara da aske gashin hannu, tasa ta share kamar askar wanzami, tawa ta bar ɗan saura. Aka kawo rake, duk suka yi daidai. Aka samo guntun kirgi daga wajen wani baduku, tawa ta ratsa shi tashi ɗaya, tasa sai da ya ja sau uku. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya gane inda ƙarfe yake. Amma aka ce saura saurin buɗewa. Shi ya taɓa da farce ta yi tsalle ta miƙe, ni kuwa ina nan ina murza zobe.

"Mutumina," ya ce, "kafin ka gama murza zoben nan ai kura ta cinye akuya ta sha ruwa."

Aka bushe da dariya. Na yi yaƙe.

Na lura yatsansa manuniya na dama a naɗe yake da tsumma. Na tambaye shi, ya ce ƙaya ce ta soke shi. Ban tsaya na tambayi kaina wace ƙaya ce take bin mutum har cikin kanti ba.

Da jama'a suka ɗan ragu, ya karɓi tawa yana juyawa, yana murza zoben gaba da baya. Ya ce, "Ka san zaman birni, mutum yana kewar kayan gida. Don kai ne fa. Ba ni wannan in riƙa tuna ku, ka riƙe tawa."

Da ina da wayon ɗan tsako, da na tambaya me mai wuƙar Turawa zai yi da baƙin ƙarfen Wudil. Maimakon haka tsoro na ji kada ya sake shawara. Ya kira mutum biyu suka shaida, ya ce, "Ka sallama?" Na ce na sallama. Shi ma ya ce ya sallama. A wajenmu in kalmar nan ta fita a gaban shaidu, magana ta ƙare, ko da wuƙa ce ko da gona.

Mako uku na yi ina cika wa mutane ciki. Goron da zan ɓare da farce sai na zaro wuƙa. In na hango 'yan mata suna dawowa daga rijiya sai in sami wani kara in hau fiƙewa, ba don ina da abin yi da shi ba. Kawu kuwa na daina bi ta maƙerarsa.

Shekarar an yi ruwan ƙarshe bayan an girbe dawa, kututturan suka sake tsiro. Kowane mai dabba ya san gyauron dawa guba ne ga shanu. Wata hantsi na ɗaure saniyar a bakin wata fadama na tafi yanko mata ciyawa, ta tsinke igiya ta faɗa gonar da aka girbe. Ko da na iso ta riga ta ci ta ƙoshi. Kan ka ce kwabo cikinta ya kumbura, ta fara tangaɗi, kumfa yana fita daga bakinta, ta durƙushe. Na ƙwala kira, wata mata da ke tsintar kara can nesa ta ji, ta ruga gari. Amma na san kafin kowa ya iso ta cika. Abu ɗaya ya rage, in yanka ta da sauran ranta. In ta yanku, mahauta za su ɗauki naman, mahaifiyata ta sami abin da za ta mayar da karsana. In ta mutu ba yanka, ta zama mushe, rabon ungulu.

Na juya kanta gabas da ƙyar, na danne ƙahon da gwiwa, na zaro wuƙar birni. Ƙas, ta buɗe da saurinta da aka yaba. Na yi bisimilla na ɗora. Fatar wuyan saniya ba rake ba ce. Na ja sau ɗaya, sau biyu, jini ya fara fita, ban kai ga maƙogwaro ba. Sai ta fizge kai, igiyar wuyanta ta bugi bayan wuƙar. Ruwan ya naɗo ya rufe a kan yatsana manuniya har ƙashi.

Ban san lokacin da na yarfar da hannu ba. Wuƙar ta yi sama ta faɗa cikin karan dawa. Na bi ta da rarrafe, jini yana bin gwiwar hannuna, ina yaye kara ina zagi. Da wuƙar Kawu ce, baƙa mai nauyi, da a hannuna take, da tuni an gama. Na daɗe kafin na gan ta. Na ɗauko, farcena yana zamewa saboda jini, sai da haƙori na buɗe ta. Na dawo na sami saniyar ta miƙe ƙafafu, idonta ya kafe. Duk da haka na ƙarasa yankan. Jinin da ya biyo baya baƙi ne, yana gangarowa a hankali, ba ya tsartuwa.

Mutane suka iso, liman a gaba, mahauta biyu da suka zo sayen awaki a ƙauyen suna biye da shi, har sun fara wasa wuƙaƙe. Mahaifiyata tana can baya. Duk wanda ya kalli saniyar zai ce yankakkiya ce. Liman ya tsuguna ya duba wuyan, ya dubi hannuna.

"Ka ɗaga hannu kafin ka gama?"

"Na ɗaga, Allah ya gafarta Malam. Wuƙar ce ta rufe."

"Da ka mayar, tana motsi? Ko wutsiya, ko ƙifta ido?"

Babu wanda ya gani sai Allah. Da na ce tana motsi, da an feɗe ta nan take. Ɗaya daga mahautan har yana gyaɗa mini kai. Na ɗaga ido na ga mahaifiyata tana kallona, ita da ba ta kallon ƙwayar idona saboda ni ɗan fari ne. Na ce, "Ba ta motsi, Malam."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. "To, ta haramta. Allah ya mayar da alheri."

Mahautan suka mayar da wuƙaƙensu kube. Mahaifiyata ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da matar da ke kusa da ita, "A ɗaure wa wancan hannu." Ta kwance guntuwar igiyar daga wuyan saniyar ta naɗe, ta juya gida. Kafin la'asar ungulaye sun rufe wurin.

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Kwana da kwanaki tana tashi da safe ta dama ruwan dusa, sai ta kai bakin turke ta tuna, ta tsaya riƙe da ƙwarya.

Ranar Juma'a na tafi maƙera, don ba yadda zan yi. Na gaida Kawu ya amsa a daƙile, labari ya riga ni zuwa. Na ajiye wuƙar a gabansa. Yana ɗauka ya ce, "Wannan ai na san ta." Ya nuna mini siririn ƙarfen da ke bayanta, wanda shi ne yake riƙe ruwan in an buɗe. A tsage yake, an shafe tsagar da dalma an goge. Ya ce, "Abokin nan naka ya kawo mini ita wata biyu da suka wuce, hannunsa yana jini. Na ce masa ba ta gyaruwa, ya jefa ta kogi kafin ta cire wa wani yatsa. Har ya tambaye ni irin mai zoben nan, na ce guda ɗaya na yi, tana wajen ɗan ƙanwata." Ya turo mini ita da bakin awartaki. "Ni na gaya masa inda take. Ban san kai za ka miƙa masa ba."

Daga nan gindin tsamiya na nufa, ko gabana ba na gani sosai. Na sami abokin nawa a zaune yana fere rake da wuƙar Kawu. Ya kwance tsumman. Na kama hannunsa na dama na ɗaga, na jera da nawa. Tabo ne a gaɓa ta biyu ta manuniya, daidai inda nawa ciwon yake.

"Ƙayar ke nan?" na ce.

"Sakar mini hannu. Ai ka sallama, ga shaidu nan."

"Ka san tana rufewa. Ka san saniyar Inna nake bi."

"To ni na ce ka yanka saniya da ita? Wuƙar gayu ce. Kowa ya san ba a yanka da irinta."

Wallahi da ba a rirriƙe ni ba, da ranar an kai ɗayanmu gaban alƙali. Abin da ya fi ƙona mini rai, dattawan wurin suka ce ta fuskar ciniki ba ni da magana, na gani, na juya, na sallama. Ɗayansu ya ƙara da cewa in ka ga mai doki yana roƙon jakinka, ka duba ƙafar dokin. Gaskiya ya faɗa, amma ranar ba na son jin ta. A hanyar komawa na tsaya a bakin kogi na yi abin da Kawu ya ce a yi tun farko.

Mahaifiyata ba ta sake mallakar saniya ba. Na yi noma, na yi dako, da na tara abin da zan saya mata sai ta ce in bari, ba ta da ƙarfin sake sabo. Awaki biyu ta yarda da su har ta koma ga Allah. Bayan rasuwarta aka sami guntuwar igiyar nan a ƙasan adudunta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in an nuna mini kaya, ba na tambayar yadda yake buɗewa, ina tambayar abin da yake riƙe shi. In mutum ya ce mini "don kai ne", sai na duba hannunsa. Yatsan kuwa bai sake lanƙwasuwa ba, da shi nake nuni a zaman tahiya, sau biyar a rana ina ganinsa. Malamai sun ce a yi yafiya, na kuma furta na yafe ranar jana'izar abokin nawa, shekara kusan arba'in bayan abin. Ban tabbata zuciyata ta ji abin da bakina ya faɗa ba.

Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya zo har gida, ya durƙusa ya miƙo mini wani ƙulli. Ya ce, "Baba, mahaifinmu ya bar wasiyya a kawo maka wannan. Ya ce taka ce." Na kwance. Wuƙar Kawu ce. Ƙahon ya yi sulɓi saboda riƙo, ruwan ya sha washi har ya koma kamar tsinke, ko kaza ba zai yanka ba. Sai da marigayin ya cinye ta tas sannan ya tuna tawa ce. Na yi wa yaron godiya, don ba shi ya yi mini ba. Da ya fita na buɗe ta, na murza zoben, na danna bayanta da iya ƙarfina a jikin dakali. Ko motsi ba ta yi ba.