Sirri Goma Sha Ɗaya a Ma'ajiyar Gwaji

Shekarar da na fara aiki da wani ƙaramin kamfanin manhaja a kusa da unguwar Mokola a ƙasar Yarbawa, a gidan yayata nake zaune a Sabo, unguwar Hausawa. Ita tana ɗaki tana haɗa turaren wuta na sayarwa, ni ina falo da kwamfuta a cinya. Sau biyu kawai a mako nake hawa okada in je ofis.

An ba mu aikin gina shafin wata manhaja da kamfanoni ke ajiye sirrinsu a ciki, irin su kalmomin shiga da makullan asusu. Ni aka damƙa wa fuskar shafin. Kwana uku na yi kafin manhajar ta tashi a kwamfutata, kullum sai wani abu ya ƙi sauka, ko a ɗauke wuta ana tsaka da saukarwa. Da ta tashi, na gina akwatin da sirri ke zama. Duk abin da aka rubuta a ciki ɗigo-ɗigo yake fitowa, sai an danna wata 'yar alamar ido a gefe sannan ya bayyana. Wannan idon ya burge ni ƙwarai. Ni da na taso ina ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin katifa, sai na ga kamar zuciyar budurwa aka ce in zana.

Kafin a harhaɗa shafin dole a gwada shi, kuma gwajin yana bukatar sirrin ƙarya. Kowa a ofis “gwaji1, gwaji2” yake rubutawa. Ni abin ya yi mini bushewa.

A lokacin akwai wanda nake so, bai sani ba. Shi ne mai gwajin aikinmu, ɗan Sabo ne shi ma, ta bayan masallaci gidansu yake. Ban taɓa wuce gaisuwa da maganar aiki da shi ba. To, sai na cika fayil ɗin gwaji da abin da na kasa faɗa masa, guda goma sha ɗaya. Ban sa suna ba. Na bakwai shi ne: “In ka yi sallama a ƙofar ofis, sai in manta layin da nake rubutawa.” Niyyata in goge kafin in tura. Ranar turawa yayata ta kira ni in riƙe mata tukunya, na dawo da hayaƙi a ido na tura komai.

Ranar Litinin muka taru a ofis. Shugabarmu, wata Bayarabiya da muke kira Madam, ta haska shafin a bango don kowa ya gani. Ta yaba launi, ta yaba tsari. Sai ta kai hannu kan idon.

Ta danna. Ga maganata a bango, harafi kamar tafin hannu. Ta danna na biyu, ta danna na uku.

“Wetin be dis one?” ta ce tana dariya. Ba ta jin Hausa. Ta juya wajen mai gwajin nan namu. “Oya, fassara mana.”

Ya ɗaga kai ya karanta, ina kallon leɓensa yana motsi. Sai ya ce mata da Yarbanci kalmomin gwaji ne kawai, ba su da wata illa. Madam ta ce ko ma mene ne a cire, ba ta son abin da ba ta iya karantawa a aikinta.

Bayan azahar ya same ni a baranda. Na riga na gama tsara komai a raina: zai yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya tambayi gidan kawuna don neman aurena.

“Malama, ashe haka kike?” ya ce. “Tun ranar Juma'a na gani fa. A fayil ɗin ai babu ɗigo, a fili suke. Sau uku na karanta.”

“Tun Juma'a?”

“Ƙwarai. Ina ta cewa daga wane littafi kika kwafo.”

“Ba kwafa na yi ba, Malam.”

“Ke da kanki? Kai, madalla!” Ya gyara hula, ya rage murya. “To don Allah alfarma nake nema. Ki ba ni aron na bakwai da na tara. Akwai wadda zan aura bayan Sallah, 'yar masu albasa ce a kasuwar Shasha. Kullum ƙorafinta ban iya magana ba, wai saƙona kamar na banki. In cire ofis in sa shago, shi ke nan.”

Na tsaya ina kallonsa. A duk littattafan da na karanta babu inda aka taɓa yi wa yarinya haka. Na nemi alamar zolaya a fuskarsa ban samu ba. Har ya ciro waya ya buɗe, yana jira.

“Ɗauki,” na ce. Ban gane muryata ba.

“Allah ya saka da alheri, ƙanwata. Af, kuma gogewa kawai ba za ta isa ba, suna nan a tarihin aikin. Zo mu share tare, kar wani Bahaushe ya shigo kamfanin nan gobe ya ɗauka da gaske kike.”

Muka koma ciki. Ya ja kujera kusa da tawa, kusancin da na yi wata biyar ina mafarki, yana nuna mini da biro inda zan danna. Ɗaya bayan ɗaya na share su. Da muka zo kan na huɗu ya riƙe gefen kwamfutar, ya ce in ɗan dakata ya ɗauki hotonsa, shi ma zai yi amfani.