Mai Garin Aro

Har gobe in na ji wani ya ce dattawan da sun fi mu wayo, sai raina ya ɓaci. Wane wayo? Ni na ga wayonsu da idona, ina matar aure da goyo, kuma shi ya ci gonar babana.

Babana ne ya sari garinmu, can cikin kwarin da ake kira dallol, arewa da Filinge. Da ya zo babu kowa sai kuraye da itatuwan gawo. Shi ya gina rijiya da hannunsa, ya share gonar da ke bakinta, ƙasa mai laima wadda ko damina ta yi gardama ba ta hana hatsi. A ƙasarmu ta Kurfai kuwa kowa ya sani, wanda ya gina rijiya shi ke da gari, wanda ya zo daga baya aron gona yake yi.

Muna da wata al'ada tun zamanin hari. In baƙi masu makami suka tambayi mai gari, ba a nuna shi, sai a tura wanda in an tafi da shi gari ba zai watse ba. Saboda haka ranar da Nasara ya iso da sojojinsa da tafinta, dattawa suka ɓoye babana cikin rumbu. Suka jawo wani mai sayar da kanwa da ya sauka wurinmu bara waccan, suka zura masa rigar babana. Yana roƙo a yi masa rai, suka tura shi gaba. A zatonsu Nasara zai kwashi hatsi ya wuce kamar sauran mahara.

Ina! Nasara ya kafa bariki a Filinge ya zauna daram. Kuma bai kama mai kanwa ba, jar hular sarauta ya ba shi.

Da fari mutumin yana da kunya. In ya dawo daga bariki yakan zo ya durƙusa ya gaya wa babana abin da aka ce. Sannu a hankali durƙuson ya koma tsugunno, tsugunno ya koma aike. Shi ke zaɓen wanda za a kai aikin dole, shi ke auna hatsin dawakin kwamandan, wato Nasaran bariki, to wa zai ɗaga masa murya? Rannan sai ga shi da gardi biyu, dogaran bariki, wai gonar bakin rijiya ta mai gari ce, kowa ma ya faɗa. Marar kunya, da rigar babana a wuyansa.

Babana ya nemi dattawan nan su raka shi Filinge su faɗi gaskiya. Wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce ido. Kowa na tsoron a ɗauke masa ɗa. Allah ya isa tsakanina da su, sun fi mai kanwa ba ni haushi, don shi bai roƙi rigar ba.

Babana shi kaɗai ya tafi. Tafinta ya saurare shi, ya tambaye shi ina yake ranar da aka nemi mai gari. Babana ba ya ƙarya, ya ce cikin rumbu. Har kwamandan sai da ya yi dariya, ya ce wanda ya tsaya gabansa shi ya sani.

Da ruwa ya sauka mai kanwa ya kira gayyar noma a gonar bakin rijiyar, kowane gida mutum guda. Ƙannena an kai su aikin hanya, babu namiji sai tsoho. Na ce wallahi ba zai je ba, in kashewa ne su kashe mu. Babana ya ɗauki hauyarsa ya tafi.

Da rana na kai masa fura, ina tafe ina zagi. Na same shi a ƙarshen layi, yara sun bar shi baya, yana bi yana gyara gindin hatsin da suka tattake. Ya sha, ya goge baki, ya daɗe yana duban gonar.

"Ɗiyata, ki ce ma mai gari ya sa a yi cira gefen rijiya. Hatsin ya yi yawa, ba shi yin zangarniya haka."

Mai gari, in ji babana, da bakinsa.