Ka Kira Sunan Kowa, Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 18 ga watan Yuni na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifina, Malam Muhsinu Ɗanlami, wanda mutanen Diffa suka fi sani da Mushe Muhsinu, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Ya rasu a gidansa bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan azahar. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ma malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kamar shi.

Baba, ko mutuwa ta san lokacin da ake samun ka a gida. Da ta jinkirta zuwa Yuli, da sai ta bi ka ƙauyen Gagamari, ta tsaya a bakin rumfa tana jira ka gama darasi, kamar yadda muka saba jira.

Gidanmu bai taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. Manoman kwarin kogin Komadugu sun zo, ma'aikatan ofis sun zo, 'yan kasuwa sun rufe shaguna. Wani ƙato mai gemu ya durƙusa a ƙofar gida yana kuka, yana cewa, "Ubana ya tafi." Mutane suka yi ta ba shi haƙuri. Ina leƙensa ta labule, na ce a raina, to, madalla, ni kuma uban wa aka ɗauka? Ba zan ɓoye ba, Baba, kishi nake yi. Tun ina ƙarama nake kishin ɗalibanka, kuma rasuwarka ba ta rage shi ba.

Kakanmu daga Damagaram ya zo ya kafa shago a kasuwar Diffa, ya so ka gaje shi, kai kuwa ka zaɓi alli. Tun shekarunka na farko abu ɗaya ya tsaya maka a rai, wato dogon hutun damina. Kana cewa yaro ya tafi a Yuni yana karanta shafi guda ba gargada, ya dawo a Oktoba yana lalube a kan haruffa, don wata uku bai ji Faransanci ba, bai riƙe alƙalami ba. Ɗan ma'aikaci yana da littafi a gida. Ɗan manomi sai fartanya. Ka ce a rage hutun, ko a rarraba shi cikin shekara. Manya suka ce tsari ne, ba a taɓa shi. Malamai suka ce su ma mutane ne, suna buƙatar hutawa. Manoma suka ce, idan lakwal ta riƙe yara da damina, wa zai shayar da irin tattasai, wa zai kori awaki?

Da ka ga ba ka da mai goyon baya, sai ka daina gardama ka bi yaran gona. Ka lura da tsakar rana ana kashe injin ban ruwa, kowa ya nemi inuwa. Wannan ɗan lokacin ka roƙa. Ka kafa rumfar zana a bakin gona, ka rataye allo, ka koyi Kanuri da bakinka na Badamagare har tsofaffi suna riƙe ciki don dariya. Mai gemun nan da ya yi kuka a ƙofarmu, Kashim sunansa. Ubansa ya rantse ba zai sake shi ba sai an gama raba ruwa a kwami, sai ka naɗe wando ka shiga taɓo kuna yi tare kowace safiya, don a gama da wuri yaron ya zo ya karanta. Da mutane suka tsallako kogi suna gudun rikici suka cika Gagamari, ka mayar da rumfar can. A shekarun da aka hana hawan babur, bisa buhuna kake tafiya a motar kasuwa, da furfurarka.

Duk wannan gaskiya ne, kuma Allah ya sa ka iske shi a mizani. Amma damina ɗaya ba ka taɓa yi da mu ba. 'Ya'yan sauran malamai suna da uba a gida wata uku. Ni sai ranar Juma'a nake ganin naka takalmin a bakin ƙofa, duk taɓo, kai kuma kana barcin gajiya.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Ni 'yar fari ce, kai kuma mutumin da ne, kunyar ɗan fari ka riƙe ta kamar farilla. Ba ka taɓa kiran sunana ba. "Ke." "A ce wa yarinyar nan." Shekarar da na isa ajin da kake koyarwa, ka je wurin darakta ka roƙa a mayar da ni ajin gefe. Ta bango nake jin ka kowace safiya kana kiran yara, ba ka ko duba takarda, kana jan kowane suna kamar mai lallashi: Fanna, Bunu, Maikano. Wallahi na sha yin fatan a ce ni Fanna ce, mai zuwa ba takalmi.

Da na zama malama, na tsaya a ɓangaren da ba naka ba. A wani taron malamai na miƙe na ce hutu haƙƙi ne, na yaro da na malami, kuma malami ma yana da 'ya'ya a gida. Kowa ya san da wa nake. Na so ka tashi ka ƙaryata ni, ka yi mini faɗa irin wanda kake yi wa sufeto. Sai ka sunkuyar da kai kana kallon hularka a gwiwa. Ko gardama ba ka ba ni ba.

Ranar da za ka cika ina zaune kusa da kai. Na ce a raina, yau kam, tun da babu kowa sai ni da Inna, wataƙila ka kira sunana. Ka buɗe ido, ka daɗe kana kallona, ka ce, "Ke, an gyara zanan rumfar kuwa?" Maganarka ta ƙarshe gare ni ke nan.

Ranar sadakar uku wata mata ta shigo, ta gaishe da Inna, ta zauna gefena. Ta ce sunanta Kellu, ungozoma ce a N'Guelbély, a rumfarka ta koyi karatu. Ta yi ta kallon haɓata, sannan ta ce, "Yaya, wannan tabon bakin rijiya ne, ko? Ranar da kika bi ɗan akuya da gudu."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ai rubuta shi muka yi. Ashe ke ce yarinyar gidanmu!"

Ta ce ba ka taɓa ɗauko musu shifta daga littafi ba. Kullum za ka tsaya, ka goya hannu a baya, ka fara: yarinyar gidanmu ta yi kaza. Ranar da na ƙona tuwo na ɓoye tukunyar a bayan randa, sun rubuta. Ranar da na karance littafi ni kaɗai a cikin hutu, sun rubuta har sau biyu. Da na ci jarrabawar shiga koleji, ta ce sai da ka tsaya a tsakiyar jimla ka juya musu baya kana goge allon da babu komai a kansa. Har taron nan da na yi maka tsaye, 'yan baya sun rubuta: yarinyar gidanmu ta yi magana a gaban manya, muryarta ba ta yi rawa ba.

Kellu ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Wallahi mun tsane ki. Muna cewa wace ce wannan da Mushe ba ya gajiya da zancenta?"

Mata suka ce Allahu akbar, Inna ta rufe fuska da mayafi. Kowa ya ɗauka zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba, Baba. Ashe kana da wannan magana duka, ka kwashe ta ka kai bakin kogi ka raba wa 'ya'yan mutane, suka rubuta, suka haddace, ni ko jimla ɗaya ban ji ba. Har son da kake yi mini, su suka ci moriyarsa.

Jiya Kashim ya dawo da dattawan Gagamari. Sun ce sun gyara zanan, ruwan Komadugu ya kusa isowa, yara suna tambaya ko za a buɗe rumfa bana. Duk suka zuba mini ido. Ina nan kan bakana, hutu haƙƙi ne, kuma bai kamata karatun ɗan manomi ya rataya a wuyan tsoho ɗaya ba. Amma na ce musu zan zo. Na sa sharaɗi guda: duk wanda ya taɓa zama a rumfar nan, ko ya yi gemu ko ta yi jika, ya zo ya faɗa mini abin da ya tuna na shiftar Mushe. Nawa ne, a hannunsu yake, zan karɓa.

Ina yi wa Inna ta'aziyya, da ƙannena Zaidu da Nazir, da danginmu na Damagaram. Ina yi wa Kellu da Kashim da duk 'yan rumfa, tun da na ga alama ba ni da ikon hana ku kiransa uba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane harafi da yaro ya riƙe saboda kai ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Idan ya ƙaddara mun haɗu a can, ina roƙon a ba ni kai ni kaɗai ko na ɗan lokaci, kafin 'yan rumfa su ji labari. Ka ajiye kunyar nan, ka dube ni, ka faɗa sau ɗaya.

Sumaiya ne sunan. Kai ka raɗa mini shi.