Ɗakin da Tambaya Ta Hana Faɗuwa

A unguwarmu ta Bungudu, ɗakin da ya zama kango ba na kowa ba ne. Mai unguwa sai ya ba wani filin, sunan mai shi kuma ya fita daga bakin mutane. Wannan ne abin da Inna Tambaya ta fi tsoro a duniya, har fiye da mutuwa.

Ɗanta ɗaya tilo, Yusha'u, tela ne. Ya tafi aikin hajji ya zauna a Makka, ya samu takardar zama, ya yi aure can. Ita kuwa duk shekara kafin ruwan farko sai ta kwaɓa ƙasa, ta yaɓe ɗakinsa da hannunta. Yaɓe aikin maza ne, mu kuma ba mu raga mata ba.

"Inna, ango za ki saka ciki?"

"Mai shi na nan tahe," in ji ta. "Muddin ɗakin ga na tsaye, Yusha'u ɗan garin ga ne."

A 1976 ya zo. Mota ya ɗauko daga Gusau, ya sauko da farar jallabiya yana ƙamshi. Tambaya ta yi daɓe, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta yanka zakaranta. Bai yi wata ba ya fara ɗaure kaya. Ya ce in ya daɗe a waje takardarsa mutuwa za ta yi, ba za a bar shi ya koma wurin 'ya'yansa ba. Gaskiya ya faɗa, ban ce ya yi ƙarya ba. Amma har yau ina jin haushin abin da ya ƙara a bakin mota.

"Inna, ki bar wahal da kanki da ɗakin ga. Can ne gida yanzu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Bazara ta zo, muka ga ba ta kwaɓa ƙasa ba. Na ɗauki fartanya na je, na ce ni zan yi mata. Tana zaune a ƙofar ɗakin, hannuwanta a kan cinya.

"Bar shi, Lukuman," ta ce. "Mai shi ya zo, ya gani."

Ɗakin ya faɗi a tsakiyar damina. Ita ta kai kaka, sannan ta rasu.