Ɗan Sirdin da Ya Karya Darajar Keken Kaka

Duk lokacin da na bi ta gefen mai faci na shaƙi warin gam ɗin da suke liƙe taya da shi, sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na Bagadaza, ina 'yar mitsitsiya, ina kallon Kaka durƙushe gaban kekensa da tsumma a hannu. Kakana ne na wajen uwa, mai sayar da yadi a Kasuwar Gombe. Amarya yake ce mini, irin tsokanar kaka da jika, ni kuma in murguɗa baki in ce me zan yi da tsoho mai furfura.

Keken nan ya fita daban. Na sauran dattawan unguwa baƙaƙe ne masu nauyi, waɗanda ake ɗaura wa buhun masara. Na Kaka kuwa siriri ne, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Keken tsere ne, mai lanƙwasasshen kai irin ƙahon rago. Wurin maƙwabcinmu Baba Ticha ya saye shi, wani tsohon malamin makaranta Batangale, wanda shi ma ya same shi a hannun wani Bature da zai koma gida. Abu na farko da Kaka ya yi shi ne ya sa aka juya ƙahon ya kalli sama. Ya ce shi ba zai ratsa gari da babbar riga yana duƙe kamar mai neman allura ba.

Sannan ya naɗe shi. A zamanin, duk wanda ya san darajar kekensa ba ya barin fenti a fili. Tef na roba mai launi ake sayowa, a bi jikin ƙarfen a naɗe tsaf don kada ya kurje. To Kaka ya zarce kowa. Kowane jajiberin Sallah sai ya sayo sabon launi ya naɗa a kan tsohon, bai taɓa warware na ƙasa ba. Har keken ya yi ƙiba, babu kuma wanda ya san ainihin kalarsa a gidanmu. In ya gama sai ya ja da baya ya ce, "Wannan ba inji ne ya yi shi ba, hannun mutum ɗaya ne." Kawu, babban ɗansa, yakan sunkuyar da kai yana danne dariya. Kowa ya ɗauka kurin tsofaffi ne.

A kan keken nan nake zuwa makaranta, zaune bisa matashin da ya ɗaure a sandar gaba. Wata safiya da damina, bayan ruwa ya tara yashi a bakin kwari, taya ta goce, diddigena ya faɗa cikin wayoyin wilin gaba. Tabon yana nan har yau. Da na warke sai na kafe, na ce ni da keke har abada. Ko ganinsa na yi sai in fashe da kuka, makaranta kuwa ba kusa ba.

Kaka bai yi mini faɗa ba. Ya tura keken zuwa wurin mai walda, ina biye da shi nesa-nesa, ya ce a liƙa ɗan sirdi a sandar gaba, da wurin ɗora ƙafa biyu. Ana cikin yanke tef a wurin sai ga Baba Ticha yana haki.

"Haba Alhaji! Na faɗa maka kada wuta ta taɓa ƙarfen nan. Ka san abin da za ka ƙona kuwa?"

"Na sani, Ticha," in ji Kaka. "Amma ƙarfe ba ya kuka, amaryata kuwa tana yi."

Washegari na hau, ƙafafuna a kan matakinsu, gemunsa yana sosa mini ƙeya. Haka muka yi ta yi har na gama firamare.

Bara waccan Allah ya yi masa rasuwa, bayan ya tsufa tukuf. Da aka zo rabon gado, Kawu ya ce keke ai sai 'yan gwangwan, su auna su biya. Na yi wuf na ce a sa shi cikin kason Inna, mahaifiyata, ni ina so. Har an yarda, sai malamin da ke rabon ya ɗaga hannu. Ya ce ya sha jin marigayi yana cewa keken nan ba gama-gari ba ne, kuma ba a raba haƙƙin magada a kan abin da ba a san kimarsa ba.

Nan fa zuciyata ta rabu biyu. Ina so a tabbatar Kaka ba kuri yake yi ba. Amma in ya tabbata, kuɗin keken zai fi ƙarfin kason Inna, dole a sayar wa baƙo a raba. Gaskiyar Kaka ita za ta raba ni da kekensa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni da ɗan autan Kawu, wani saurayi da waya ba ta barin hannunsa, muka zauna a zaure muka shiga warware tef. Kore ya fita, ja ya biyo, sai ga ruwan ɗorawa na shekarar da na shiga aji ɗaya. Sallolin gidanmu ne nake ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, sai da na juya baya na share ido. Can ƙasa muka tarar da shuɗin fenti yana ƙyalli kamar jiya aka shafa. Ga ɗan tambarin tagulla a goshinsa, ga mahaɗar ƙarafan an yanke su da ado kamar zanen lalle, ga wata lamba da aka buga a ƙarƙashi, tsakanin feda biyu. Yaron ya ɗauki hoton komai ya tura wa wasu masu sha'awar tsofaffin kekuna a intanet.

Bayan 'yan kwanaki yaron ya shigo da gudu. "Adda, wallahi Kaka gaskiya ya faɗa! Orijinal ne!" Wani dattijo daga Ingila ne ya amsa. Ya ce daga yankan mahaɗar da lambar ya gane aikin wani maƙeri ne na ƙasarsu, mai ɗan ƙaramin shago, wanda ya daɗe da mutuwa. Sunan maƙerin har yau harshena ba ya iya juya shi. Ya yi mamakin fentin, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tsira haka ba. Kawu ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, ashe mu ne ba mu sani ba." Ni kuwa daɗi da fargaba suka haɗe mini.

"Saura kaɗan, Adda," in ji yaron. "Dattijon ya ce wane ne ya yi wannan ɓarna a sandar gaba? Wai wutar walda ta cinye ƙarfen, masu saye ba za su ba shi ko rabin rabin kuɗinsa ba."

Da wannan kimar malam ya yi rabo, keken ya shiga kason Inna daidai, ita kuma ta miƙa mini a gaban kowa.

Yanzu yana jingine a falona a Gabukka. Ban sake naɗe shi ba, ban kuma juya ƙahon ba. Da safe ina ganin yaran unguwa ana cusa su a bayan babura, babu mai lura da inda ƙafarsu take. Dattijon nan ya sake aiko da shawara, wai in aka cire sirdin aka sauya sandar, darajar keken za ta ɗan dawo. Na ce wa yaron ya gode masa ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa shi ya san wanda ya ƙera keken, ni kuma na san wanda ya ƙona shi da saninsa, na san kuma don wa.